Takobi a Wurina, Kube a Wurinsa

Litinin, 7 ga Afrilu, da la'asar

Na dawo daga asibiti. Yaro ne likitan, ina jin ni na yi masa allurar rigakafi yana ɗan goye. Sai juya sakamakon gwajin yake yana neman kalma mai laushi. Na ce, "Dokta, miƙo nan. Majo Sama'ila ne a gabanka, tsohon babban ma'aikacin jinya, na fi shekara talatin ina faɗa wa mutane irin wannan." Na duba, na miƙa masa abinsa, na yi godiya.

Ba zan rubuta sunan abin ba. Baƙo ne ya sauka, shi ke nan.

Da na shigo gida ban nufi gado ba, ɗakin tsatsa na buɗe. Matata marigayiya Ladi ce ta sa masa wannan suna don ta ba ni haushi, alhali ta san ko ɗigon tsatsa babu a ciki. Takubba a bango, masu a kusurwa, rigunan sulke biyu a rataye, garkuwar fata, kwari da baka, da gariyon da na samo wajen Gure, irin wanda ake jifa da shi. Na zauna a tsakiyarsu ina shaƙar warin mai da tsohuwar fata. Kafin in tashi na shafa wa kowa mai.

Talata, 8 ga Afrilu, da hantsi

Ɗiyata Dibora ta bugo daga Yamai. Ashe likitan nan ajinsu ɗaya a lakwal, ya riga ni faɗa mata. Yaran yanzu cikinsu ba ya riƙe komai.

Ta ce tsakiyar watan gobe za ta tafi da ni, can akwai na'urar da babu a nan. Na fara kawo dalilai, ta ce, "Baba, ba shawara nake nema ba." Muryar uwarta sak. Ta ce gidan za a rufe, ƙarafan kuma in san yadda zan yi da su, don ɗakinta biyu ne kuma jikokina ba sa jin magana.

Na ce to. Ba ta saba jin to daga bakina da wuri haka ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da azahar

Zafi ya hana ni kwanciya, bari in rubuta abin da ke damuna.

Duk abin da ke ɗakin nan nawa ne, ko na saya ko an ba ni, ina iya rabar da shi gobe. Ban da guda. Takobin da ke bangon gabas shi kaɗai, naɗe da farin ƙyalle, ba kube. Wannan na Ɗanƙarami ne, kuma dole ya koma gidansu kafin in bar Damagaram.

Ina saurayi aka tura ni gidan likita na Zermu, da akwatin allura da keke. Ni kaɗai ne Kirista a garin, mutane ba su san yadda za su yi da ni ba. Gaisuwa har ƙasa, tuwo kuma a kwano na daban, a ajiye a ƙofa a juya. Ɗanƙarami ne ya fara shigowa ba sallama mai tsawo, ya zauna a tabarmata, ya sa hannu a kwanon nan, ya ce miyar ba gishiri. Sunan nan nasa kuwa zalunci ne, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofata. Shi ya koya mini kamun fara da sanyin safiya, da bambanta hadarin da zai zuba da wanda zai wuce, da yadda ake zagin jaki ba a yi saɓo ba. Ni kuma na koya masa hawan keke, muka ƙare a cikin ƙayar wani tsoho.

Sai shekarar yunwa ta zo. Wanda ya gani ba ya son a tuna masa. 'Yan kasuwa suka riƙa shiga ƙauyuka da buhunan hatsi suna kwashe abin da kakanni suka bari, mundaye, sirada, takubba. Da idona na ga an ba da sulken da ya je yaƙin Kano a kan abin da bai kai iyali mako ba.

Ranar da zai tafi Kudu da matarsa Barira da jaririyarsu, ya zo mini da takobin kakan babansa. Ya zare shi, ya aza mini a hannu biyu, kuben kuma ya tura ƙarƙashin rigarsa. Ya ce, "Majo, in na tafi da shi yunwa za ta sa in sayar kafin in kai Magarya. Kube kuwa ba mai sayensa ba takobi. Mu haka gidanmu ke ba da ajiya. Duk wanda ya zo maka da kuben nan, ni ne ko ba ni ba, ka ba shi. Wanda ya zo hannu sake, ko da fuskata ya zo, kar ka ba shi." Na ce yaushe zai dawo. Ya ce da ruwan fari.

Shekara arba'in ke nan. Na je Zermu ban san iyaka ba. Gidansu ya zama kango, yanzu ma gona ce. Wani ya ce Daura, wani ya ce Kano, wani ya rantse ya gan shi a Kamaru yana sayar da goro.

Daga kan takobin nan ciwon tara ƙarafa ya kama ni. Duk wanda na ga za a fitar daga ƙasar nan sai in ji kamar na Ɗanƙarami ne, in saya in ina da hali. Haka ɗaki ya cika. Ina kewar mutumin nan ƙwarai, yau fiye da kullum.

Asabar, 12 ga Afrilu, da la'asar

Alhaji Kyari ya zo. Shi ne mai shagon kayan da a Zango, wanda rabin kayan dan nasa ba su kai ɗan autansa shekaru ba. Mun daɗe tare, ya cuce ni, na gane, mun sha shayi, ya sake cutata. Labari ya riga ya kai masa, don ya gaishe ni gaisuwar da ta yi tsawo.

Kai tsaye bangon gabas ya nufa. Ya kwance ƙyallen, ya bi layukan nan uku na ruwan takobin da yatsa, ya tsaya a kan tambarin jinjirin wata biyu da aka buga kusa da ƙota. Ya ce, "Majo, wannan ƙarfe a bayan raƙumi ya ƙetaro hamada tun ba a gina ganuwar Birni ba. Ina da mutum a waje da zai yi kuka in ya gan shi. Sayar mini, mai shi ya mutu tun tuni."

Na ce, "Ka je jana'izar?"

Ya yi dariya. Na sake ba shi labarin kuben, wanda ya ji sau ɗari, shi kuma yana ta wasa da wani zaren kaba a jikin takobin yana gyaɗa kai. Na yarda ya ɗauki waɗanda dama daga hannunsa suka fito, su koma su cuci wani.

Lahadi, 13 ga Afrilu, bayan sujada

Ban iya tsayuwa a waƙa ta biyu ba. Kowa ya yi kamar bai gani ba, na gode musu.

Talata, 15 ga Afrilu, da azahar

Na hau kabu-kabu na je gidan radiyo na ba da cigiya. Duk wanda ya san zuriyar Ɗanƙarami na Zermu, mijin Barira, wanda ya tafi Kudu shekarar yunwa, ya zo wurin Majo Sama'ila a Sabon Gari da abin da aka bar masa. Mai karanta sanarwa ta ce, "Baba, mene ne abin? Sai an faɗa mutane su gane." Na ce mai shi ya sani.

Daga nan na bi ta tasha na gaya wa direbobin da ke zuwa kasuwar Mirya. Ɗaya ya ce a Zermu kowane gida da Ɗanƙaraminsa. Na ce wannan dogo ne. Suka kwashe da dariya, suna tsammanin tsufa ne.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da magariba

Ba kowa.

Jumma'a, 18 ga Afrilu, da magariba

Ba kowa. Pampo ma bai kawo ruwa ba. Na shafa musu mai.

Lahadi, 20 ga Afrilu, ranar Ista, da la'asar

Matan majami'a sun aiko da shinkafa da kaza. Na ci loma kaɗan don kar a mayar da kwano a ce Majo bai taɓa ba.

Ladi nake ta tunawa. Wata Ista na tafi sayo mata atamfa na dawo da mashi. Washegari na tarar ta kafa mashin a tsakar gida ta ɗaura igiya ta yi shanya a kai, har da ɗan kamfaina, ga maƙwabta na shigowa barka da salla. Amma ita ce ta ɗinka farin ƙyallen takobin Ɗanƙarami, kuma duk shekara sai ta cire ta wanke. Takan ce sauran duk shirmenka ne, wannan kam na mutane ne.

Talata, 22 ga Afrilu, da azahar

Mutanen muze, gidan adana kayan tarihi, sun zo da mota sun kwashe masu da garkuwa da kwari da sulkunan biyu da sauran ƙarafan, ban da na bangon gabas. Kyauta na ba su, da sharaɗin a riƙa shafa mai. Shugabansu ya ce, "Wi, wi, Majo," irin wi ɗin da nake ce wa maras lafiya in ya ce zai daina taba.

Babban sulken ne ya tsaya mini a rai. A Wacha na same shi, wata tsohuwa ta lulluɓe akurkin kajinta da shi saboda muzuru. Kowane zobe da ɗan ƙusarsa, wani maƙeri ya zauna ya buga su ɗaya bayan ɗaya don kada kibiya ta sami ɗan wani. Na yi wa tsohuwar sabon akurki na waya kafin ta yarda, kuma tana ganin ni aka cuta. Watanni na yi ina cire kashin kaji daga zobban nan da tsinke, Dibora tana 'yar ƙarama tana riƙe mini fitila tana toshe hanci.

Yanzu sai tabon inda aka rataye su a bango. Ɗakin har amsa-kuwa yake yi in na yi tari.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da hantsi

Baƙon ya motsa jiya. Ban fita ba.

Asabar, 26 ga Afrilu, da magariba

Dibora ta iso. Ta tsaya a ƙofa tana kallona, ta ce na yi kyau. Ƙarya ba ta taɓa karɓarta ba tun tana yarinya. Ta fara haɗa kaya tun ba ta sha ruwa ba.

Daga Zermu ba kowa.

Litinin, 28 ga Afrilu, da la'asar

An zo.

Wani magidanci ne mai suna Bashir, ya sauka daga kabu-kabu da abu naɗe a buhu. Ya durƙusa ya ce shi jikan wan Ɗanƙarami ne, a Kano suka tashi, ya ji cigiya wurin wani direba. Ya kwance buhun, sai ga kube, baƙi ƙirin, fatar ta tsattsage a baki, da zobban rataya biyu na tagulla. Gabana ya faɗi. Na kwance ƙyallen, na sa bakin takobin, na tura. Ya shige sumul har ƙota.

Dibora ta tafa hannu ta ce, "Mun gode Allah! Baba, ka huta."

Na zare, na sake turawa. Sumul. Na tambayi mutumin sunan jaririyar da aka tafi da ita. Ya ce shi ba a haife shi ba lokacin. Gaskiya ne, ni ma ban tuna sunan ba, ko suna ba a daɗe da yi ba suka tafi. Na ce ya bar ni in yi sallama da abin, ya dawo ran Alhamis. Ya kalli Dibora, Dibora ta kalle ni.

Da ya fita ta ce, "Baba, so kake ka riƙe shi, ka faɗi gaskiya." Akwai ƙamshin gaskiya a maganar.

Talata, 29 ga Afrilu, da sassafe

Abin kunya, ban tuna kamannin kuben ba. Sau ɗaya na gan shi, kuma idona a fuskar mai shi yake.

Amma na san fata. Na taɓa barin wani kube ba takobi a ciki daga damina zuwa bazara, da na zo mayarwa sai da na yi gumi. Fata in ba ƙarfe a cikinta tsukewa take, ta lanƙwashe. To kuben da ya yi shekara arba'in wayam, ta yaya zai karɓi takobi kamar jiya aka zare? Kuma da na kai shi hanci jiya, warin hayaƙi na ji da ganyen shayi. Na san wanda ke tsufar da fata da hayaƙi da shayi. Na kuma tuna zaren kaban Kyari, ashe awon takobin yake yi.

Na gaji, wallahi na gaji. Wata zuciyar na ce mini in miƙa kawai, an kawo kube, ya shiga, na cika abin da aka ce. Wa zai tuhume ni? Dibora ta samu sauƙi, ni in tafi da hannu wofi. Na daɗe zaune da wannan tunani, kuma ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

Laraba, 30 ga Afrilu, da azahar

Na je Zango. Kyari na ganina ya sa a ɗora shayi. Na zauna tsakanin takubbansa na bara da ya binne a bayan gida suka zama na zamanin kakanni.

Na ce, "Alhaji, ka gaishe mini da badukun, ya iya aiki. Sai dai ka gaya masa ya cika gwaninta."

Ya buɗe baki zai rantse, na ɗaga masa hannu. Ya yi 'yar dariya, sannan dariyar ta ƙare. Ya ce Bashir ɗan ƙanwarsa ne. Ya ce, "Ni ɗan kasuwa ne, Majo, ban taɓa ɓoye maka ba. Amma ka duba. In ba wanda ya zo fa? Ka kai shi Yamai a tura ƙarƙashin gado, ran da kuma..."

Na ce, "Ƙarasa."

Ya juya yana gyaran gawayi da bai buƙaci gyara ba.

Na yi fushi, har yanzu ina fushi. Mutum ya zauna a ɗakina ya saurari amanar da aka ba ni ya je ya ɗinka mata ƙarya. Amma tambayarsa ba ni da amsarta, kuma na sha shayinsa har na uku.

Jumma'a, 2 ga Mayu, da la'asar

Dibora ta sayo biye, wato tikiti, motar Alhamis ta tsakiyar wata. Na ce a ƙara mini mako. Ta ce likitan can ya ba da randebu, ranar da zai gan ni, ba a ɗagawa. Ta ce, "Baba, ƙarfe ne fa. Kai nake so in ceta, kana ta ƙarfe." Na ɗaga murya, abin da ban yi mata ba tun tana lakwal. Ta shiga madafa, na ji tana jera tukwanen da ta riga ta jera.

Na je na tsaya a ƙofar na ce ta yi haƙuri. Ta share ido ta ce hayaƙi ne, alhali ba ta hura wuta ba. Da yamma ita da kanta ta je gidan radiyo ta sa a maimaita cigiyar.

Lahadi, 4 ga Mayu, da magariba

Ba kowa.

Talata, 6 ga Mayu, da la'asar

Hadari ya haɗu a gabas, irin mai wucewa. Ya wuce. Ba kowa. Na shafa wa takobin mai, shi kaɗai ya rage.

Laraba, 7 ga Mayu, da sassafe

Ba baƙon ke hana ni sukuni ba, shi mun fahimci juna. Abin da nake tsoro shi ne in haɗu da Ɗanƙarami a lahira ya ce ina ajiyata. Ban san ko sashe ɗaya za a sauke mu ba, malamansu da fastocinmu kowa da abin da yake faɗi, amma shi mutum ne da ba ya neman izini kafin ya shigo.

Alhamis, 8 ga Mayu, da magariba

Bari in rubuta a hankali.

Da azahar ina kwance a zaure na ji sallamar mace. Kafin in ga fuska na ga yadda ta sunkuya ta shigo, sai na tashi zaune ban san na tashi ba. Doguwa ce, ta manyanta, ƙafafunta duk ƙura, da ƙunshin tsohon zane a hammata. Ta durƙusa nesa ta ce sunanta Rakiya, daga Garagumsa. Maƙwabciyarta ce ta ji cigiya ta gaya mata, ta jira ranar kasuwar Dole ta nan Damagaram don ta samu mota.

Ta ce, "Baba, ni ban san babana ba. A Kudu ya rasu ina goye. Inna ta dawo da ni wurin danginta a Garagumsa, ba ta sake taka Zermu ba. Da za ta rasu ta ba ni wannan, ta ce takobin na wurin wani Majo. Na tambaya a gidan likita biyu, aka yi mini dariya, wai Majo ai ba suna ba ne. Sai na bari."

Ashe tun a shekarar ya tafi. Duk zuwan da nake yi Zermu, duk ruwan farin da na tsaya a ƙofa, mutumin yana ƙasa. Na san haka a raina tun da daɗewa, amma ji daga bakin ɗiyarsa daban ne. Na yi kuka a gaban baƙuwa, ban ji kunya ba.

Ta kwance zanen. Wani abu ne busasshe, a lanƙwashe, kamar tsohon ƙahon akuya, zobe ɗaya ya ɓace an ɗaura tsumma a wurin. Dibora ta kawo takobin. Na sa bakinsa a hankali. Ya shiga kamar faɗin yatsa biyu ya tsaya cik.

Rakiya ta kalla, ta sunkuyar da kai, ta fara naɗe zanenta. Ta ce, "Ku yi haƙuri, Baba, na tashe ku kuna hutawa. Ga alama ba namu ba ne."

Dariya ta kama ni har baƙon ya tuna mini yana nan. Na riƙe ciki na ce, "Zauna, ɗiyata. Da ya shiga da na kore ki." Na bayyana mata halin fata. Ba ta yi murna yadda na zata ba. Ta taɓa ƙotar da yatsa ɗaya, ta janye. Sannan ta ce, "Baba, yaya yake? Ba mu da fotonsa. Inna kuma in na tambaya sai ta tashi."

Na ba ta labarin kwanon tuwo da miyar da ba gishiri. Na ba ta na keke da ƙaya. Na gaya mata yadda yake dariya yana dukan cinyar wanda ke kusa da shi, da yadda ya zo gidan likita a guje ranar da aka haife ta, ya ɗaga ni sama da ni da akwatin allura. Tana dariya tana share ido da bakin mayafi. Ta ce babban ɗanta ma haka yake dukan mutane in yana dariya, kullum tana masa faɗa, ba ta san gado ba ne.

Har motarsu ta tashi ba mu sani ba. Tana ɗakin Dibora yanzu, ina jin muryoyinsu.

Jumma'a, 9 ga Mayu, da azahar

Da safe na koya mata aikin. A narka man kaɗe ya yi ɗumi, ba zafi ba, a shafa ciki da waje da gashin kaza, a naɗe da ƙyalle mai ɗan laima, a ajiye a inuwa. Bayan kwana biyu a sa takobin a tura kaɗan, inda ya tsaya a bar shi nan ya kwana. Ba a matsawa. In aka matsa ɗinkin zai fashe, kuma babu badukun da zai mayar da shi yadda yake. Na sa ta yi a gabana har hannunta ya gane.

Ta ce, "Zai daɗe kafin ya shiga duka?"

Na ce sai kaka, in an bi shi a hankali.

Ta ce, "To in ya shiga zan kawo muku ku gani da idonku, Baba, ko Yamai ne zan zo."

Dibora ta tashi ta fita. Na ce Allah ya kai mu.

Kyari ya zo da motarsa, ban san wa ya gaya masa ba. Ya ɗauki kuben ya juya shi, ya kai hanci, ya ajiye da hannu biyu. Tun da na san shi yau ne ya ga tsohon abu bai yi tayi ba. Shi ya naɗe takobin cikin tabarma yadda jandarmomin hanya ba za su dame ta ba, wannan kam ya ƙware, ya kuma ce har Garagumsa zai kai ta. Na ce ta riƙe tabarmar a cinyarta, kar ta ba shi ko za ta sha ruwa. Ya ce, "Majo, ka ji tsoron Allah."

Na raka su ƙofa. Ban taɓa tabarmar ba, na san in na taɓa zan daɗe.

Asabar, 10 ga Mayu, da hantsi

Na buɗe ɗakin da kwalbar mai a hannu, sannan na tuna.

Litinin, 12 ga Mayu, da la'asar

Na yi barci mai kyau. Na ci tuwo. Dibora ta ce yau kam na yi kyau, kuma wannan karon ban kama ta da ƙarya ba.

Laraba, 14 ga Mayu, da la'asar

An ɗaure kaya. Gobe da sassafe mota. Na hau kabu-kabu na ce ya zaga da ni Birni a hankali, ta gefen duwatsu, ya bi ta Zango, ya dawo. Bai tambaye ni dalili ba.

Ina shigowa waya ta yi ƙara. Rakiya ce da wayar mijinta, tana magana da ƙarfi kamar daga Garagumsa take so in ji ba waya. "Baba! Ya ƙaru! Yanzu yatsa huɗu!" Ina jin yara a bayanta suna ihu, kowa na so ya faɗa. Ta ce babban ɗan nata ya ce in aka ɗan buga ƙotar da tafin hannu zai fi sauri, su samu su kawo mini da wuri. Ta ce, "Ku dai ku warke, Baba, kaka ba nisa."

Na ce kar wanda ya buga. Inda ya tsaya a bar shi ya kwana. Na maimaita mata har ta ce ta ji, kar ta yi sauri saboda ni.